Malfar Jaji: Daga Batsari Zuwa Gidadawa

Ɗaurin aure ne ya kai ni Sakkwato. Wani abokin karatuna zai aurar da ƙanwarsa, ya aiko cewa in ban zo ba kada in ƙara kiransa aboki. Da na gaya wa mahaifiyata, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ta wace hanya?" Mu mutanen Batsari mun daina tambayar matafiyi ina za shi, hanyar da zai bi muke tambaya. Na ce mata ta Nijar zan zaga, ba zan bi ta Zurmi ba. Ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda, ta koma bakin murhu. Tun daminar 2019, da mutanen ƙauyukan bakin dajin Rugu suka riƙa kwararowa cikin gari suna kwana a azuzuwan firamare, ba a ƙara ɗora ƙaramar tukunya a gidanmu ba. Ranar da na bar gida, baƙi goma sha ɗaya ne ke cin tuwonta, ban da mu.

Daga Katsina zuwa Jibiya, mu tsallaka Magama, sai ga mu a Ɗan Isa. Ban yi awa guda a ƙasar mutane ba na sha kunya. Na tsaya sayen shayi a tashar Maraɗi, mai shayi ya ce dala arba'in. Na zaro takardar da na canjo na miƙa masa ina jiran ya ce bai kai ba, sai na ga yana ta ƙirgo mini canji. Ashe dala a wurinsu sefa biyar ce, shayin nawa sefa ɗari biyu ke nan. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam ɗan Najeriya ne." Sa'an nan ya nuna mini wata hanya ya ce ita ce ta bi ta ƙofar gidan Sarkin Katsina. Na ce wane Sarkin Katsina, ai yanzu na baro shi a Katsina. Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya. Na san labarin tun ina makaranta, cewa da masu jihadi suka ci Katsina, sarakunan Haɓe sun yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Amma karantawa daban, a ce maka "Sarkin Katsina" kana tsakiyar wata ƙasa daban. Dawakin garin nan ne suka shekara da shekaru suna kai wa ƙasarmu ta Ruma hari, ga shi yau jikokinsu na zuba mini madara har ta yi yawa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a Maraɗi shi ne dare. Ƙarfe goma ta wuce, mata na tuyar ƙosai a bakin titi, yara na wasa, ba mai waiwaye don ya ji ƙarar babur. Na daɗe rabona da ganin dare irin wannan.

Da safe a motar Ƙonni aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa Bagobira, zanen Gobir shar a kumatunta. Ba mu yi nisa ba ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Ɗana, ga Tibiri. Nan sarautarmu ta zauna bayan an ƙone Alƙalawa." Ta faɗe shi kamar jiya aka yi, alhali tun 1808 ne Alƙalawa ta faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Tibiri kuwa sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa ta. Ta ce mini a Gobir bayan sarki sai Inna. Mace ce daga gidan sarauta, ita ke riƙe da mata da sha'anin bori, kuma idan ta fito a kan doki da malfa a kanta, namiji ma kaucewa yake yi. Na ce, "Malfa, Iya? Irin ta masu noma?" Ta harare ni. "Irin ta sarauta." Da ta ji Sakkwato na nufa sai ta ce, "In ka je ka tambaye su inda suka kai kakanninmu mata." Ban san abin da zan ce mata ba, na miƙa mata ƙuli-ƙuli.

Muka sake tsallaka iyaka a Illela, muka bi ta Gwadabawa da Kware, muka shiga Sakkwato rana tsaka. Ina jin mu ma muna da zafi, ashe namu wasan yara ne. Harshen kuma, mu da Kanawa ke yi wa dariya don muna cewa "tahi", sai ga ni ina sa mai Keke Napep ya maimaita magana sau uku. "Mi kaka biɗa?" in ji shi. Na ce gidan biki. An ɗaura aure lafiya, an ci shinkafa da naman da ban taɓa ganin yawansa a faranti ɗaya ba. Wannan ke nan.

Kashegari abokina ya ce ba a zuwa Sakkwato a koma ba a je Hubbaren Shehu ba. Ni a raina mazaje na je gani. Tun ina yaro sunayen da ke kunnena ke nan: Shehu, Abdullahin Gwandu, Bello, Aliyu Jeɗo, da namu na gida irin su Ummarun Dallaje da Malam Na Alhaji. Na ɗauka zan tarar da takubba da kwari da baka. Abin da na fara cin karo da shi makafi ne zaune a jere a inuwa, suna rera bege da murya mai sanyi, sai takalma tuli a bakin ƙofa. Rabin takalman nan, in ba su fi rabi ba, na mata ne. Silifas ɗin roba masu ƙura, waɗansu an ɗinke maɗaurinsu da zare, irin dai waɗanda nake tsallakewa kullum a zauren gidanmu.

Muka yi ziyara muka yi addu'a. Muna fitowa sai na ga ayarin mata sun kai ashirin, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, babu matsakaita a cikinsu, kowace da ɗan ƙulli a hannu. Wata dattijuwa siririya ce a gaba, in ta tsaya su tsaya, in ta zauna su zauna. Suka nufi wajen da kabarin Nana Asma'u yake. Na tambayi wani dattijo da ke zaune kusa da mu ko 'yan biki ne. Ya dube ni kamar na tambayi ina gabas take.

"Baƙo ne kai? Ɗiyan Nana ne. Tun tana da rai haka suka zuwa."

Na zauna. Abokina na ta duba agogo, na yi kamar ban gani ba.

Sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne a wurina, akwai shi a jikin makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, na kuma san 'yar Shehu ce mai waƙoƙi. Abin da ban taɓa tsayawa na auna ba shi ne 'yar gudun hijira ce. A Ɗegel aka haife ta wajen 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Shehu bai sa mata Husaina ba, ya sa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogo lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka tashi jama'a daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Da dattijon nan ke lissafa zangon da suka yi, Gudu, Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata masu yawa, Alwasa, Gwandu, ga yunwa ga annoba, ni ba Sakkwato nake gani ba. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidanmu nake gani, wadda ta iso da ƙafa daga wani ƙauyen Safana da ƙaninta a goye, ita ma shekarunta ke nan.

Dattijon ya ba ni wani labari da ake yawan bayarwa, wai lokacin da Alƙalawa ta gagara, Nana ce ta ɗauki itace mai wuta ta nuna wajen Gobir, garin ya kama. Ya faɗa da iyakar gaskiyarsa, na kuma saurara da ladabi. Sai dai ni abin da ya kama ni ya fi wannan sauƙi. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, daga baya kuma uwar Waziri, don ɗanta Abdulƙadir ne ya gaji uban. A duk daular nan babu macen da ta fi ta dalilin ta miƙe ƙafa a bisa kilishi ana yi mata fifita. Yaƙi kuwa bai ƙare da cin Alƙalawa ba, Bello ya yi sarautarsa ta shekara ashirin, daga 1817 zuwa 1837, kusan rabinta a kan sirdi. Kowace fita ta rundunar nan tana dawowa da zawarawa da marayu da bayi, mata birjik waɗanda aka raba da garuruwansu, ba su san kowa ba, abin da suka taso da shi na bori kuma an hana. Nan na tuna tambayar tsohuwar Tibiri. Ga inda aka kai su.

Ba zan yi wa mai karatu kwaskwarima ba, Nana tana ɓangaren waɗanda suka ci yaƙi ne, matan nan da yawa ba da son ransu suka zo ba. Amma ta iya kau da kai, ba ta kau ba. Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta tsara abin da ake kira 'yan taru. A kowane ƙauye a sami mace mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Ita za ta kwaso tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba a kai ɗaki ba, tunda matan aure ba su fita, su tako har gidan Nana. Su zo da abin da Allah ya hore, hatsi, man shanu, zuma, zare. Ita kuma ta raba wa makafi da guragu da marasa galihu, ta zaunar da baƙin, ta biya musu karatu cikin waƙa: yadda ake alwala da salla, sunayen surori, tarihin Annabi, haƙƙin maƙwabci. Su haddace, su koma su biya wa na cikin kulle. Su ne kuma masu wankan gawar mace, masu jinyar wadda ba ta da kowa, masu sasanta kishiyoyi.

"Da mi aka naɗa jajin?" Dattijon ne ya tambaye ni, yana so ya gwada ni. Na ce ban sani ba.

"Malfa. Da jan ƙyalle a naɗe."

Sai da tsigar jikina ta tashi. Malfar Inna! Wato matar nan ta dubi abin da matan Gobir suka saba yi wa biyayya, ba ta tattake shi ba, ta ɗauke shi ta ɗora a kan malama. Duk Bagobirar da ta hango malfa tafe ta san shugaba ce ke zuwa, ba sai an yi mata bayani ba. Na yi shekara goma sha huɗu ina koyarwa, na halarci bita iri-iri a kan yadda ake jawo hankalin iyaye mata, ban taɓa jin dabarar da ta kama ƙafar wannan ba. Na so a ce tsohuwar Tibiri na kusa in ba ta amsa, ko da ba lalle ta gamsu ba.

Da la'asar muka ratsa Gidadawa, unguwar zuriyar Giɗaɗo. Lunguna ne matsattsu, katangu masu kauri, zauruka masu sanyi kamar randa, almajirai na wanke allo a bakin kwata. Ban shiga cikin gida ba, namiji baƙo iyakarsa zaure. Na dai tsaya ina kallon ƙofa ina lissafi. Gidan Waziri masaukin daula ne. Manzannin sarakunan Kano da Zazzau ta hannunsa suke bi. Baturen nan Klafaton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, da ya iso Sakkwato a 1824 Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa. Littattafai sun rubuta abin da maza suka tattauna a zaure. Ni da na tashi a gidan da ake sauke baƙi, na san cewa duk akushin da ya fito zaure akwai wadda ta auna hatsinsa tun asuba. Kuma matar da ke riƙe da wannan gida ita ce ta bar rubuce-rubuce sama da 60 da Fulatanci da Hausa da Larabci, ciki har da Waƙar Gewaye, inda ta bi zangon hijira da yaƙe-yaƙen ɗaya bayan ɗaya, da wani littafin Larabci na 1839 a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Yaushe take barci?

Ba ita kaɗai ba ce. 'Yar'uwarta Faɗima, matar Aliyu Jeɗo shugaban rundunar jihadi, Nana ta yi mata marsiyya tana yabonta da ciyar da dangi da bare. Ka auna abin da ake nufi da "bare" a gidan mai jan runduna.

Da dare muka je gaida wani kawun abokina, tsohon malamin jami'a mai son hira. Da ya ji abin da ke raina sai ya ce ai Turawa ma suna da irin nasu. A Ingila akwai matan manyan gidaje waɗanda aikinsu ke nan shirya liyafa da tara manyan baƙi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, wata mai suna Almina, matar mai gidan Highclere, ta sa aka jera gadaje a ɗakunan alfarmar gidan aka mai da shi asibitin sojoji, ita da kanta ta sa kayan jinya.  Wata kuma, Milisent ta gidan Sutherland, ta kwashi ma'aikatan jinya ta tsallaka Beljiyam, har sojan Jamus suka ci garin Namur tana ciki. Na ce lalle sun yi ƙoƙari, mace ta bar gadon alharini ta je tana wanke gyambo ba ƙaramin abu ba ne.

"Sun yi," in ji shi. "Mu ma ai muna da Rufaida da ta kafa tantin jinya a masallacin Madina lokacin yaƙin Handaƙ. Amma ka lura, da aka daina harbi an naɗe gadajen Ingila, gidaje sun koma liyafa. Nana ta rasu tun wajen 1864, kai kuma yau da safe ka ga ɗalibanta."

Ya ce in ina son in ga takardun Nana, zuriyar gidan Waziri ce ta adana su, musamman marigayi Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. A wurinsa wata Baturiya, Jean Boyd, ta yi shekaru tana karatu kafin ta fitar da littafi a kan Nana a 1989. Na ji kunya ƙwarai. Daga Ingila mace ta zo ta durƙusa ta koya, ni da ke kwana ɗaya a mota sai da ɗaurin aure ya jawo ni.

Ranar da zan juyo na matsa sai da aka kai ni Wurno. Hanya ce ta fadama, albasa da tafarnuwa da shinkafa ko'ina, kore shar har iyakar ganinka, abin da mu mutanen tudu da duwatsu ba mu saba gani da rani ba. Nan Bello ya yi ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, nan ya rasu, nan kabarinsa yake. Nan ma ƙanwar Nana, Maryam, ta ci gaba da karɓar 'yan taru bayan rasuwar Nana. Na hau wani ɗan tudu na dubi arewa, inda hari ke fitowa a wancan zamani. Sai na ga ai Wurno Batsari ce ta lokacinta, gari a bakin daji, mutane na noma da kunne ɗaya a sama. Bambancin shi ne su manyansu a nan suka tare, Sarkin Musulmi da kansa da 'yan'uwansa mata. Mu kuwa duk wanda ya sami abin hannu a Batsari ko Safana, abin da yake fara yi shi ne ya kwashe iyalinsa zuwa Katsina. Ban zarge su ba, ni ma da na samu wataƙila da na yi. Ana kawo mana taimako, ba na musu, buhunan shinkafa da atamfa da masu ɗaukar hoto, kafin la'asar motoci sun juya. Abin da ban taɓa gani ba shi ne matar wani babba ta zauna a tabarma ta tambayi zawarawan nan wace ce mai hankalin cikinsu, ta ce ke ce jaji, duk wata ki kawo mini su. Daga Katsina zuwa Batsari bai fi tafiyar awa guda ba. Matan da suka riƙa zuwa wurin Nana kwana da kwanaki suke yi a ƙasa.

A kasuwar Sakkwato na sayi malfa, mai faɗin baki, saƙar hannu, na sa wani tela ya yanko mini jan ƙyalle ya naɗa mata. Duk hanyar dawowa a cinyata take, jandarma ɗaya ma sai da ya tambaya ko ta sayarwa ce. Na leƙa ta taga a Tibiri ko zan hango tsohuwar nan, ban gan ta ba.

Na iso gida bayan la'asar na tarar baƙin sun zama goma sha huɗu, an sake tashin wani ƙauye a bayana. Na zauna a bakin murhu na kwashe labarin nan duka na gaya wa mahaifiyata, sa'an nan na ɗora mata malfar a ka. Ta cire ta juya ta, ta duba saƙar, ta ce, "Ni da ban iya ko baƙi ba, ina ni ina wannan?" Ta ƙwala wa wata daga cikin baƙin kira, wata bazawara da ta sauke Alƙur'ani a garinsu kafin a kashe mijinta, ta miƙa mata. Yanzu kullum bayan azahar matar nan na tara yara mata da tsofaffi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu. Ran nan na ƙirga su, ashirin da uku ne, allo tara suke karɓa-karɓa.